Tokin Mai Hoton Barewa

Gaggawa ce laifin, kuma ita wannan labari zai hukunta. Mutum ne aka ce masa ya jira shekara ɗaya, ya duba shekara ya ga ta yi masa nisa, ya tafi neman hanyar yanke. Magabata sun ce sauri ya haifi nawa, kuma ba don daɗin baki suka faɗa ba.

Ranar da firijin kantin magani ya mutu aka fara. Saurayin da aka kira ya shigo da jakar kayan aiki a kafaɗa, rigarsa duk baƙin mai. Ya tarar da budurwar da ke tsaron kantin a tsaye, ta rungume kwalayen allura ta rasa inda za ta ajiye su, domin irin maganin da zafi ke kashewa ne.

Ta tambaye shi minti nawa gyaran zai ci. Ya ce in ta riƙe masa tocila minti ashirin ne, in kuma ta ci gaba da hararar sa haka, sai dai awa guda. Ta riƙe tocilar.

Wata 'yar waya ce ta ƙone a bayan injin. Da wani ne sai ya ce injin gaba ɗaya ya tafi, ya ci kuɗin mai kanti. Shi kuwa kuɗin waya ya karɓa da ɗan ladan hannu, ya goge ƙasan da ya ɓata, ya tafi. Wannan ta gani ta ajiye a ranta.

Washegari saƙo ya shigo wayarta, don ya kwashe lambar daga allon kantin.

"Likita, firijin yana aiki? Ni dai ƙirjina ya ƙi yin sanyi tun jiya."

Ta yi kamar ba za ta amsa ba, sai bayan azahar ta rubuta:

"Mai Sanyi, ka sha ruwa ka huta. Wannan ciwon ba mu sayar da maganinsa."

Sunayen nan biyu suka bi su. Ita ba likita ba ce, mai miƙa magani ce, tana tara kuɗi shekara uku don ta shiga makarantar haɗa magunguna. Shi kuma ɗan shagonsa yana bayan kasuwa, da injin cika gas da na walda da babur ɗaya, duk guminsa ne ya saya. Firijin kantin bai sake lalacewa ba, amma duk kwana biyu sai ya zo duba lafiyarsa.

Da magana ta yi nisa ya je gaban mahaifinta. Tsohon mai gyaran sikeli ne, mutumin da ya shekara arba'in yana daidaita ma'auni, ba ya yarda da abu sai ya ɗaga shi ya ji nauyinsa. Bai ƙi sana'ar yaron ba. Abu ɗaya ya tambaya: ina zai ajiye ta? Gaskiyar magana ita ce Mai Sanyi da mahaifiyarsa ɗaki ɗaya suke ciki a bayan shago, labule ne ya raba su.

Tsohon ya ce, "Ban ce ka gina bene ba. Ka kama haya ciki da falo, ka biya ta shekara da kuɗin hannunka, ka dawo. Na ba ka shekara ɗaya."

Wannan ba ƙi ba ne, kowane mai hankali ya san haka. Amma akwai ɗan mai kantin magani, saurayi mai mota da turare, wanda tuni ya aika kawunsa wajen tsohon. An ce musu akwai magana a ƙasa, in shekara ta cika babu labari sai su dawo. Wannan ya koma kunnen Mai Sanyi, daga ranar kuma duk motar da ta wuce sai ya ji kamar da amaryarsa ta wuce.

Duk da haka ya yi ƙoƙari. Cikin wata biyar ya tara rabin kuɗin hayar. Da ya ci gaba a haka, da labarin nan gajere ne mai daɗi.

Sai Dogo ya shigo. Dogo abokinsa ne, mai rumfar cajin waya, ba mugu ba ne, sai dai kunnensa a buɗe yake ga duk iskar da ta kaɗa. Ya nuna masa wani sabon kuɗin intanet da ake kira tokin, mai hoton barewa tana tsalle. Ya ce bai shiga kasuwa ba tukuna, masu shi suna sayar wa mutanen farko da araha. Wanda ya saya yanzu za a kulle masa kwana casa'in, ranar da aka buɗe kasuwa kuwa kowane ɗaya zai zama hamsin. A fuskar wayar ga agogo yana ƙirga da baya, ga wani layi yana cika, an rubuta saura kaɗan ya ƙare. Sannan duk wanda ya kawo wani ta hanyarsa, za a ƙara masa goma cikin ɗari.

Mai Sanyi ya yi tambaya ɗaya mai kyau. Ya ce in buƙata ta taso kafin lokacin, zai iya cire kuɗinsa? Dogo ya ce a'a, ai kullewar ita ce amfanin abin. "Kai da kanka kake ce wa mutane su daina buɗe firiji kowane minti. Abin da aka rufe shi ke riƙe sanyinsa."

Da Dogo ya kawo masa lissafi, da ya yi gardama. Amma da harshen sana'arsa aka yi masa magana, sai ya ji abin ya zauna. Ya manta cewa firijin da yake rufewa, shi ke riƙe da marfin.

Ya fara zuba kuɗin hayar. Bayan mako biyu masu tokin suka ƙara farashin sayarwa, lambar da ke wayarsa ta kumbura, ya ji haushin kansa da bai sa da yawa ba. Ya sayar da babur. Da aka sake ƙarawa, ya kira wani da suka koyi aiki tare ya sayar masa da injin cika gas da na walda.

Mahaifiyarsa tana zaune a bakin ƙofa lokacin da ake fitar da injinan. Ta ce, "Ɗana, ban san wannan abu ba, amma ban taɓa ganin manomin da ya sayar da fartanya ya sayi iri ba."

Ya ce, "Inna, kwana casa'in ne. Sababbi zan sayo, ke kuma ɗakinki daban."

Ita ma Likita ya nuna mata, suna zaune a bencin gaban kanti da la'asar. Ta tambaye shi wa zai saya ranar da kowa ya tashi sayarwa. Ya ce duniya ce za ta saya, ai intanet ba ta da iyaka. Amsar ba ta gamsar da ita ba, amma rabon da ta ga fuskarsa da haske haka tun kafin ya je wajen mahaifinta. Ta san shi mutum ne da bai taɓa cutar kowa a kan waya ɗaya ba. Ta ɗauka wanda ba ya cuta, ba a cutarsa.

Ta yi nata lissafin a ɓoye. Buɗe kasuwa saura wata biyu da 'yan kwanaki, rajistar makaranta saura wata huɗu. Ta bi hanyarsa ta gayyato masu saye da ya liƙa a waya, ta zuba kuɗin shekara uku gaba ɗaya. Ba ta faɗa masa ba, so take ranar ta zo ta ce masa kayan ɗaki ya bar mata.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Likitata, albishirinki. Wani bawan Allah ya shiga ta hanyata da kuɗi masu kauri, an ba ni ladan tokin dubu ɗari huɗu. Ko wane ne, Allah ya yi masa albarka."

Ta yi murmushi ita kaɗai ta rubuta:

"Amin, Mai Sanyi. Allah ya sa shi ma ya ga alheri."

Sauran kwanakin a ƙafa ya yi su, yana aron kayan aiki inda aka yarda, inda aka hana ya mayar da mai aiki. Masu kawo masa gyara suka fara sauya shago. Bai damu ba. Ya je ya duba wani gida mai ɗaki uku, har ya tambayi kuɗin fenti.

Ranar ta zo. Ƙarfe huɗu na yamma aka ce. Mutum bakwai suka haɗa kai a rumfar Dogo, kowa da wayarsa a tafin hannu. Agogon ya kai sifili, farashi ya fito, kuma ya fito da tsada kamar yadda aka yi alkawari. Mai Sanyi ya ga lambar da za ta sayi gida, ba haya ba. Ya danna wurin sayarwa.

Bai dannu ba. Wani rubutu ya fito cewa masu sayen farko su ƙara haƙurin awa ɗaya, ana gyara.

A cikin awar nan suka zuba ido layin farashi yana gangarowa kamar ruwan bokitin da aka karkata. Masu abin ne ke sayar da nasu, su babu kulle a kansu. Wani cikin mutum bakwai ɗin ya ce zai sake tashi, haka suke yi. Da aka sake su wajen biyar da rabi, duk abin da Mai Sanyi ya mallaka a ciki bai kai kuɗin motar komawa gida ba, kuma ko a hakan babu mai saye. Zauren da masu sayen tokin suke hira a waya aka rufe shi. Dogo ya zagaya bayan rumfa ya yi amai, don har da kuɗin ƙanwarsa a ciki.

Mai Sanyi ya taka zuwa gida, ya kashe waya, ya shiga shago ya ja ƙofa.

Ita kuwa a bakin aiki ta ga nata ya mutu, tana miƙa wa wata mata maganin tari. Ta ba da canji ba daidai ba har sau biyu. Ta kira shi, a kashe. Ta rubuta:

"Mai Sanyi, na gani. Ka ɗauki waya."

Kwana huɗu babu amsa, ta sake rubutawa:

"Ko zagi ne ka turo mini, in san kana raye."

Ɗan mai kanti ya ga ƙofa ta buɗu, ya shigo da tausayi a baki. Ya ce mata shi ya san irin wannan harka: masu jawo mutane ana biyan su da kuɗi na gaske tun kafin ranar, shi ya sa suke ɓacewa. Ya ce mai gyaranta ya ci lada ya kama gabansa. Ƙarya ce, amma ga saƙon albishir nan a wayarta, da kalmar lada a ciki. Ta karanta shi ya fi sau ashirin, kowane karatu da irin zafinsa. Ta daina cin abinci sosai, mahaifiyarta ta ɗauka zazzaɓi ne.

A rana ta tara ta ce gara ta gani da idonta. Inna ce ta tarbe ta, ta nuna mata ƙofar shago da haɓa.

Yana zaune a ƙasa tsakanin matattun firiji uku da masu su ba su zo ɗauka ba. Inda injinan suke a da, sai shatin ƙura da tabon mai. Gemu ya cika masa fuska, idanu sun faɗa. Kallo ɗaya ta yi masa ta san wannan bai ci ladan kowa ba, sai kunyar zargin da ta yi ta kama ta.

Bai ɗago ba ya ce, "Ki koma, Likita. Babu abin da ya rage a nan."

"Na zo in ga ko kana raye."

"Kin gani. Abu ɗaya nake gode wa Allah a kai, ban ja ki ciki ba. Ki yi karatunki, ki auri mai motar nan. Ni na gama."

Ta so ta tafi da maganar a cikinta, amma ta san ranar rajista za ta tona ta. Ta durƙusa daidai fuskarsa.

"Bawan Allahn nan da ka sa wa albarka," ta ce a hankali, "ni ce."

Bai gane ba sai da ta nuna masa wayarta, ga barewar nan tana tsalle. Ya kalli wayar, ya kalle ta, ya kifa kansa a jikin firiji. Babu kuka, wani irin numfashi kawai yake ja kamar wanda aka danne wa ƙirji. Inna da ke jin su daga bayan labule ita ce ta yi kukan.

Ya tambaye ta nawa. Ta ce duka.

Washegari ya yi wanka, ya sa rigar da ta fi tsabta, ya tafi rumfar mai gyaran sikeli. Tsohon yana goge wani ma'auni, bai ce masa ya zauna ba. A tsaye ya faɗi komai: kuɗin haya, babur, injina, da kuɗin makarantar 'yarsa da suka bi ta hanyarsa, har da ladan da aka ba shi a kansu. Wannan na ƙarshe tsohon bai sani ba, hannunsa ya tsaya a kan tsumman. Sannan Mai Sanyi ya ce ya zo ne ya janye, a ba ta wanda ya fi shi.

Tsohon ya ajiye tsumman.

"Janyewa," ya ce. "Ka zubar mata da shekara uku, sannan ka zo da ladabi ka ce ka janye. Wa ka bar wa kwashe ɓarin? Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Da ka ɓoye mini kuɗinta na ji a bakin wani, da yau ka daina taka layin nan. Tunda ka kawo kanka, ka saurara."

Sharaɗin ya fi na farko nauyi. Zai mayar mata da kuɗin makaranta da guminsa kafin a yi zancen ɗaki. Ba zai zo zance ba sai ranar da ta yi rajista. In ita ta gaji da jira ta zaɓi wani, babu wanda zai tsare ta. Da aka tambaye ta a gida, cewa ta yi ita ma da hannunta ta danna, babu wanda ya riƙe mata yatsa, saboda haka za ta jira.

Jiran bai zo da sauƙi ba. Da ta ce wa ɗan mai kanti a'a a fili, ba a yi wata ba aka ce mata kanti ya rage ma'aikata. Ta koma tsaron wani ɗan shagon sabulu da rabin albashi. Shi kuma Mai Sanyi, wanda ya ba shi hayar shago ya karɓe shagonsa, shi da Inna suka koma wani ɗaki da ya fi na da ƙunci. Ya je wajen wanda ya sayi injinansa ya nemi aikin yini. Kullum da safe sai ya ɗauki injin da ya saya da kuɗinsa, wanda har yanzu akwai alamar da ya yi masa da fenti, ya bi wani a baya yana ce masa oga.

Saƙo kawai ya rage musu, shi ma ba kullum ba.

"Likita, yau na gyara uku. An ba ni na ɗaya. Na ajiye."

"Sannu, Mai Sanyi. Ka ci abinci daga ciki, ba na son makarantar da za ta kashe mini kai."

Wata rana ya rubuta mata:

"Na gaji. Ina ganin ba zan kai ba."

Ta amsa:

"Ni ma na gaji. Gobe ka tashi ka je."

A wata na goma sha huɗu da fara wannan aikin yini Inna ta kwanta. Ciwo ne da mai hali zai yi jinyarsa, su kuwa sai da suka taɓa abin da aka tara, kuma duk da haka bai isa ba. Likita ta riƙa zuwa tana yi mata allura, wannan kam tsohon bai hana ba. Inna ta riƙe hannunta wata safiya ta ce ta so ta ga ranar, amma ba komai, ta yafe masa, su riƙe juna. Bayan kwana shida ta rasu a ɗakin aro, ɗakinta daban da aka yi mata alkawari bai samu ba.

Ya koma aiki bayan mako guda, don babu abin da zama zai mayar. Sai da aka ƙara wata goma kafin kuɗin su cika. Ya kai wa tsohon a cikin leda, tsohon ya ƙirga sau biyu, ya kira 'yarsa ya damƙa mata. Ta yi rajista tare da yaran da ta girme su.

Zancen ciki da falo tsohon da kansa ya sauke shi. Ya ce wanda ya ɗauki kayan wani shekara biyu bai gudu ba, ya auna shi ya ji nauyinsa, ɗaki ɗaya ma ya isa. Aka ɗaura aure wata safiya da mutanen da ba su kai ashirin ba. Dogo ya zo, ya tsaya can baya.

Da tsohon zai sallame ta, ya haɗa hannunsu ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a mai jin magana, ya sa abin da suka gani ya zama na ƙarshe. Mahaifiyarta ta ce amin tana share ido.

Da mutane suka watse, suka zauna a bakin katifa a ɗan ɗakin da taga ɗaya gare shi. Ya ce, "Likitata, ba nan na so in kawo ki ba."

Ta ce, "Na sani. Matsa, ka zauna mini a kan mayafi."

Sun yi aure, kuma suna son juna, Allah ya bar su tare. Amma kada wani ya ji an yi aure ya ce ai ƙarshen ya yi kyau, bari a ƙirga masa. An ce ya jira shekara ɗaya, ya jira biyu da rabi. Ya rasa kuɗin hayar wata shida, da babur, da injina biyu, da shagon da ya shekara bakwai yana kafawa, har yau kuma yaron wani ne. Matarsa ta rasa aikinta da shekara biyu na karatu. Ciki da falo ya koma ɗaki ɗaya. Mahaifiyarsa ta mutu ba ta ga aurensa ba, wannan kuwa babu gumin da zai biya. Abin da ya samu a madadin duk waɗannan shi ne tokin miliyan huɗu da dubu ɗari huɗu, suna nan a wayarsa, babu mai sayen ko ɗaya.